Sunan Kayanka Da Takardar Da Ke Tsare Shi

(Jawabin da aka gabatar a zaman wata-wata na ƙungiya, a unguwar Hausari, Maiduguri)

 



Tun da farko mu faɗa muku gaskiya, mu ba lauyoyi ba ne. 'Yan tebur ne da Allah Ya ɗaga zuwa shago, karatunmu kuwa na allo ne da Islamiyya. Abin da ya sa kwamiti ya ɗora mana wannan magana shi ne mun taɓa ƙonewa a kanta, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Tun daga lokacin muka dinga bin masana muna tambaya, to abin da muka tsinto shi za mu zube a gabanku.

Da yawa a cikinku kun san sana'ar gidanmu. Iyalinmu suna haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da suka koya wurin maƙwabtanmu Barebari, mu kuma muna zubawa a kwalba, mu liƙa takarda mai suna da zane, mu sayar a Kasuwar Monday. Shekara da shekaru muna wannan har sunan ya karɓu, ya zama in ana haɗa kayan amarya sai an ce a nemo na wane. Akwai wani bawan Allah da yake zuwa daga yamma yana saran katan-katan. Muna cin abinci kwano ɗaya da shi. Kwatsam sai ya ɗauke ƙafa. Bayan kamar shekara guda sai ga wani ɗan uwa ya dawo daga Kano da kwalba a hannu, sunanmu ne raɗau a jiki, zanen ma namu ne, amma abin da ke ciki ko kusa. Itace ne da suga da ɗan turare mai arha, in ka zuba a garwashi sai ƙauri.

Muka ɗauki takardarmu ta CAC, wato hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, muka nufi wurin lauya da ƙarfin gwiwa. Ya duba, ya miƙo mana, ya ce: "Alhaji, wannan takardar sunan shagonka ce, ba ta sunan kayanka ba." Da ya sa aka bincika a Abuja, ashe mutumin nan ya riga ya shigar da sunan a ofishin rajistar tambari, a matsayin nasa. Jama'a, a ranar nan tuwo bai ciwu ba.

To a nan ne yawancinmu muke faɗawa rami, don haka za mu ɗan daɗe a wurin. Rajistar CAC aikinta ta nuna cewa ga wani kasuwanci mai suna kaza, ga masu shi, ga adireshinsa, don ka buɗe asusun banki ko ka nemi kwangila. Sunan da ke jikin kwalba ko leda ko buhu kuwa, da zanen da ke tare da shi, shi ake kira tambari ko alamar kaya, kuma ofishinsa daban ne. Yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, yana aiki da Dokar Tambarin Kaya ta 1965. Haka nan lambar NAFDAC, ita ma ba rajistar tambari ba ce. Ita shaida ce cewa an duba kayan ba za su cutar ba. Hasali ma in ka je neman lambar da sunan kayanka, su kansu za su nemi ka kawo shaidar ka shigar da tambarin. Takardu uku ke nan, kowace da ƙofarta, kuma ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya.

Wani zai ce, to yanzu duk wanda ya riga ni zuwa Abuja shi ke nan ya ƙwace min suna? Ba haka kai tsaye ba. Dokar ta ce wanda ya yi rajista ba shi da ikon hana mutumin da ya riga shi amfani da sunan, in dai ya ci gaba da amfani da shi ba yankewa. Wannan ita ce ta cece mu. Amma kotu ba ta karɓar "wallahi kowa ya sani". Hujja take so. Allah Ya taimake mu, muna da tsofaffin littattafan rasidi da takardar mai ɗab'in da ya fara buga mana sitika, da kwanan wata a jiki. Da su muka tsira da 'yancin ci gaba da sayar da kayanmu. Soke rajistarsa kuwa shari'a ce mai tsawo, a Babbar Kotun Tarayya, don ita ce ke da hurumin irin waɗannan ƙararraki, kuma da muka yi lissafin kuɗin lauya da zirga-zirga sai muka haƙura, dattawa suka shiga tsakani. Kasuwar Kano dai ta tafi, har yau ba ta dawo mana yadda take ba.

Bari mu ɗan ratse a nan. Gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau a Satumbar 2024, ba kaya kawai suka ci ba, har da takardu. Da rikicinmu bayan waɗannan musibu ya zo, da ba mu da abin nunawa. Allah Ya mayar wa kowa da alheri, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Amma don Allah duk wata tsohuwar takarda da ta rage muku, rasidi ne, hoton kaya ne, tallar rediyo ce, ku sa yaro ya ɗauki hotonta a waya, a ajiye kwafi wurin wani ɗan uwa a wani gari.

Yadda ake rajistar ba wani abin tsoro ba ne, sai dai haƙuri. Ana farawa da bincike, a duba ko wani ya riga ka ɗaukar sunan ko mai kama da shi. Kada ka buga sitika dubu goma kafin wannan bincike. In hanya a buɗe take sai a shigar da takarda, yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, kuma yanzu ana yi ta intanet, ba sai ka hau motar Abuja ba. Za a ba ka takardar shaidar an karɓa, daga baya in mai rajista ya gamsu ya ba da takardar amincewa. Sannan a buga tambarin a mujallar gwamnati ta tambura, a jira wata 2 ko wani zai fito ya ce bai yarda ba. In ba wanda ya fito sai satifiket. Abin yakan ja lokaci, wani sa'in ya haura shekara, amma lissafin haƙƙinka daga ranar da ka shigar yake farawa. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ka dinga sabuntawa duk shekara 14, har illa ma sha Allahu. In kuma ka yi rajista ka ajiye ba ka amfani da sunan har shekara 5 a jere, wani yana iya neman a goge shi.

Sai batun rukuni, wanda shi ma yana kayar da mutane. An kasa kaya da ayyuka gida 45, na kaya 34, na ayyuka 11. Turare da sabulu suna rukuni na 3, magani na 5, yadi da atamfa na 24, tufafi da huluna na 25, kilishi da bandar kifi na 29, yaji da garin kunu na 30, ruwan leda da lemo na 32. In ka yi rajista a rukunin turare, ba ka tsare sunan a rukunin yaji ba. Hajiyoyinmu masu haɗa humra da yajin daddawa da suna ɗaya, ku lura, rajista biyu ce a kanku.

Ba kuma kowane suna ake karɓa ba. Ba za ka ce "Turare Mai Ƙamshi" naka ne kai kaɗai ba, domin siffar kayan ce, kowa yana da haƙƙin faɗin ta. Sunan gari zalla, kamar Maiduguri ko Baga ko Bama, shi ma da wuya ya wuce. Tutar ƙasa da tambarin gwamnati ba a taɓa su. Mu kuma 'yan kasuwa muna da wata ɗabi'a, kowa Alheri, kowa Nasara, kowa Albarka. Sunaye ne masu kyau, amma in ka shiga layi ɗaya ka ƙirga masu su sai ka gaji. Suna mai ƙarfi shi ne wanda ka ƙago, wanda in an ambace shi ba a tuna kowa sai kai. Ƙaramin harafin R da ake sawa cikin da'ira kuwa, ba ado ba ne, ma'anarsa an yi rajista, kuma laifi ne ka nuna ka yi alhali ba ka yi ba. Masu ɗab'i suna liƙa wa mutane shi don sitika ta yi kyau. Ku hana su.

Akwai wata tambaya da matasa suke yawan yi: in na canza harafi ɗaya fa? Wannan dabara ta tsufa, kotunan ƙasar nan sun san ta tun kafin a haifi da yawanmu. A 1961 an yi shari'a tsakanin Niger Chemists da Nigeria Chemists, masu sayar da magani a titi ɗaya a Onitsha, kotu ta hana na biyun amfani da sunan saboda zai rikita masu saye. A 1968 Kotun Ƙoli ta duba maganin Castoria da wani mai suna Casorina, ta ce ba ido kaɗai ake dubawa ba, har da kunne, wato yadda sunan ke fita a baki. Wannan hukunci kamar don kasuwarmu aka yi shi, inda mai saye da yawa ba karanta takarda yake yi ba, suna yake kira ko ya ce a ba shi mai hoton kaza. Amma akwai ɗaya gefen. A 2004 kamfanin Ferodo mai birkin mota ya kai Ibeto har Kotun Ƙoli a kan kamannin kwali, ya faɗi, domin kotu ta ga abin da ya yi wa rajista kalmar Ferodo ce, launuka da adon kwalin ba su shiga ba. Masu sayar da kayan gyaran mota a cikinmu sun san kwalayen nan biyu. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a Fabrairun 2023 ya shigar da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launi cikin abin da ake kira tambari. Saboda haka in kwalbarka ko launin ledarka shi mutane suka sani, ka gaya wa lauya ya shigar da shi, kada ka tsaya a suna kawai.

Mu kuma kada mu mayar da kanmu waɗanda ake zalunta kullum. A cikinmu akwai masu saro jabu suna sane, su ce ai ba ni na buga ba, sayarwa kawai nake yi. A doka mai sayarwa ma yana ciki. Kotu tana iya ba mai tambari oda ya zo shagonka ba sanarwa a kwashe kayan, ga diyya, in kuma magani ne ko abinci to maganar ta zama ta ɗauri. Ta fuskar addini ma, ga malamai nan zaune sun fi mu sani, algus haramun ne. Kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin ƙirƙira dukiya ce ta mai ita, Shari'a ta kare ta, bai halatta a taɓa ba. Tunda dukiya ce, ana sayar da ita, ana ba da hayarta, tana kuma shiga gado. Don haka 'yan uwa biyu da ke haɗin gwiwa, ku zauna tun ana shiri ku rubuta da sunan wa za a yi rajista. Mun ga gidan da aka raba shago da mota lafiya, aka zo kan suna zumunci ya watse.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu mazauna Barno. Rajistar Abuja iyakarta Nijeriya. Da ka tsallaka gadar Gamboru, ko ka wuce Banki, ko ka shiga Diffa, takardar nan ba ta da ƙarfi. Alhali kuwa kayanmu rabi can suke tafiya, Kusuri da Injamena da Marwa. Su waɗannan maƙwabta namu, Kamaru da Chadi da Nijar, suna cikin wata ƙungiya ta ƙasashe 17 mai suna OAPI, hedkwatarta a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Daɗin abin shi ne rajista ɗaya a can ta game duk ƙasashen, tana yin shekara 10 ana sabuntawa. Nijeriya ba ta ciki. To wanda duk yake loda mota zuwa Chadi da sunansa a jikin kaya, ya sani dillalinsa na can yana iya yi masa abin da aka yi mana a nan, kuma a ƙasar da ko yaren kotunta ba ya ji. 'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu farkawa a wannan fanni. Sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a OAPI a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankinsu, kamar yadda Kamaru ta yi wa barkonon Penja a 2013. Duk lokacin da muka tuna wannan sai mu tuna bandar Baga da turaren wutar Yerwa, waɗanda ake sayarwa da sunan garin nan har Saudiyya, ko a ina aka haɗa su.

Sai mu juya ga masu ƙirƙira, domin tambari daban, haƙƙin ƙirƙira daban. Garin nan ba a rasa masu basira. Kowa ya ji labarin Mustapha Gajibo da ya mayar da ƙananan motocin bas masu aiki da lantarki a nan Maiduguri, kuma a cikin 'ya'yanmu masu walda da gyaran janareto akwai masu ƙera injin surfe da murhu da abin busar da kifi. Takardar da ke kare irin wannan ita lauyoyi ke kira fatent, ƙarƙashin dokar 1970. Sharuɗɗanta uku: abin ya zama sabo, ya zama akwai basira a ciki wadda ba kowane mai sana'ar zai hango ba, kuma a iya ƙera shi a yi aiki da shi. Tana yin shekara 20 daga ranar shigarwa, ana biyan kuɗi duk shekara, in ka daina biya ta mutu. Bayan shekara 20 kuma ta zama ta kowa.

Kalmar "sabo" ɗin nan ita ce tarkon. A doka, in an riga an bayyana abin ga jama'a a ko'ina a duniya, da rubutu ko da baki ko da amfani, kafin ranar da ka shigar da takarda, to ya daina zama sabo, ko da kai ne ka bayyana shi da kanka. Yaro zai kwana wata shida yana haɗa inji, ranar da ya tashi sai ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook da TikTok, ya buɗe cikinsa yana bayani dalla-dalla, ana ta yabo. Wallahi da hannunsa ya kashe haƙƙinsa. A shigar da takarda tukuna, sannan a yi shela. In dole sai ka nuna wa mai kuɗi don ya zuba jari, a rubuta yarjejeniyar riƙe sirri ya sa hannu. Kuma wanda ya riga shigarwa shi doka ta sani, ba wanda ya riga tunani ba. Akwai hukumar gwamnati mai suna NOTAP a Abuja da ke taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardunsu, ya kamata matasanmu su san da ita.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa ba. Ofishin Nijeriya takardu yake dubawa ko sun cika, ba ya zurfafa bincike ko abin da gaske sabo ne, don haka ana ba da fatent ne bisa kasadar mai shi, kuma kotu tana iya soke shi daga baya. Kada wani ya zo ya kaɗa muku satifiket ku ɗauka magana ta ƙare. Sannan yaron da ya ƙirƙiro abu a cikin aikin da aka ɗauke shi, da kayan aikin maigida, asalin haƙƙin na maigidan ne, sai dai doka ta ce a wasu halaye a ba yaron lada gwargwado. Masu gareji, ku ji tsoron Allah a kan yaranku a wannan wuri.

Iyayenmu mata sun aiko da tambaya tun kafin zama, ko za a iya yi wa haɗin turare ko na yaji fatent. Amsar da muka samu, kuma muka gamsu da ita, ita ce kada ma ku nema. Haɗin da aka gada kaka da kakanni ba sabo ba ne. In kuma naki ne na kanki, to sharaɗin fatent shi ne ki rubuta yadda ake yin sa filla-filla, kowa ya iya zuwa ya karanta. Kin ga an yi ba a yi ba ke nan. Masu Coca-Cola sun fi shekara 100 suna sayar da lemonsu, haɗinsa sirri suka bar shi, sunan suka yi wa rajista. Hajiya, ki riƙe awonki a ka, ki san wanda kike bari ya shiga ɗakin haɗi, sunan da ke jikin kwalba shi za ki kai Abuja. Masu zanen atamfa ko sabuwar siffar mazubi kuwa suna da tasu rajistar ta zane, shekara 5, ana sabunta ta sau biyu, jimla 15, ita ma da sharaɗin zanen ya zama sabo. Zanen hular Zanna da muka taso muka tarar ba na wani mutum ɗaya ba ne.

Shawarar da muke ajiyewa gaban shugabanni ita ce, tunda kuɗin lauya yana yi wa mutum ɗaya nauyi, ƙungiya ta nemi lauya guda wanda ya san wannan fanni, a tara masu buƙata a yi ciniki da shi gaba ɗaya, a kuma tambaye shi hanyar Yawunde saboda masu fita waje. Duk mai kaya da suna a jiki ya ba sakatare sunansa bayan an tashi, ya zo da sitika ɗaya da mafi tsufan rasidin da ya rage masa, ya kuma faɗi garuruwan da kayansa ke zuwa. Namu littattafan rasidin mun zo da su, suna nan kan tebur ga mai son ya ga irin abin da lauya ya karɓa.

Abin da muka yi kuskure Allah Ya yafe mana, masana kuma su gyara.